Leda Mai Ruɓewa Tana Nan Tafe, Amma Wa Zai Yashe Mana Kwata Kafin Ta Iso?



A ƙarshen daminar da ta wuce mun yi asarar tunkiya a gidana da ke nan gefen Tagwai. Ta maiɗakina ce, da kuɗin adashe ta saye ta tun tana 'yar ƙarama, har ta haifa mata sau biyu. Sai muka ga ta fara ramewa, ga ciki a kumbure, ga dusa a gabanta amma sai ta shinshina ta kau da kai. An ba ta kanwa, an ba ta maganin tsutsa, an yi allura, duk a banza. Da muka ga za ta tafi mushe sai na aika aka kira mahauci. Da ya farke tumbin, abin da ya ciro sai da ya sa na ja da baya: wani dunƙule ne baƙi ƙirin da ya kai girman kan jariri, ledoji ne zalla suka nannaɗe da juna, har ana iya ganin rubutu a jikin wata ledar fiya wata. Shi mahaucin ko a jikinsa. Cewa ya yi, "Malam, wannan ai ƙarami ka gani. Ka leƙo mayanka wata rana ka ga abin da muke cirowa a cikin shanu."

A ranar ɗan ƙanwata yana gidan, wanda ke karatun ƙananan halittu a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan Minna. Da yamma muka fita shan iska bakin dam, ina ta faɗa a kan wanda ya ƙirƙiro leda, sai ya tsaya ya nuna mini wani tsanwan yauƙi da ya taru a wani ɗan kududdufi. Ya ce, "Kawu, ka ga wannan abin da muke kira gansakuka? A cikin irinsa akwai halittun da ke shan iska da hasken rana su ƙera roba a cikin cikinsu, robar da in ka yar a ƙasa za ta ruɓe kamar ganye." Na dube shi na ce, "Kai yaro, kuɗin makarantar da uwarka ke biya ke nan, tatsuniya ake koya muku?" Ya yi dariya bai yi musu da ni ba, sai dai washegari ya turo mini abubuwan karantawa. Na karanta, kuma na yarda yaron ya fi ni gaskiya. Amma abin da na fahimta bayan karatun ya sha bamban da abin da shi yake murna a kai, shi ya sa na ga ya dace in kawo maganar gaban jama'a.

Ga yadda abin yake, gwargwadon yadda ɗan kasuwa irina zai iya bayyanawa. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya da masana ke kira sayanobakteriya, suna rayuwa a tafkuna da rafuka da teku. Su ba sa neman abinci a wajen kowa. Kamar dawa da gero suke: su kama hasken rana, su zuƙi iskar kabon, wato iskar nan da muke fitarwa in mun yi numfashi, wadda janareto da salansar mota ke busa mana, su haɗa da ruwa su yi abincinsu, su saki iskar da muke shaƙa. To idan suka shiga matsi, musamman in sinadarin naitirojin ya ƙare musu, wato sinadarin nan da manomi ke nema a takin yuriya, sai su daina hayayyafa su koma tanadi, kamar yadda magidanci ke cika rumbu in ya hango fari. Ɗaya daga cikin abubuwan da wasunsu ke tarawa shi ne wani sinadari da ake taƙaita sunansa da PHB. In an fasa ƙwayoyin an tace shi, fari ne, yana narkewa a zafin da ya kai wajen digiri 175, ana iya zuba shi a injin a fitar da kwalba ko cokali ko leda. Tun da kuma abinci ne a wajen ƙananan halittu tun asali, in ya faɗa ƙasa ko ruwa sai 'yan uwansu su taru su cinye shi. Ledar da muke amfani da ita kuwa daga man fetur da gas ake yin ta, babu mai iya cin ta cikin sauƙi, sai dai ta yi ta farfashewa ƙanana-ƙanana tana nan.

Kada mai karatu ya ɗauka sabon abu ne. Wani Bafaranshe, Maurice Lemoigne, shi ya gano PHB a cikin wata bakteriya tun wajajen 1926. A 1966 aka ba da rahoton samun sa a cikin sayanobakteriya. Irin da aka fi yin gwaji da ita, Synechocystis, a 1968 aka ɗebo ta daga wani tafki a Kalifoniya ta Amurka, kuma a 1996 masana a Japan suka karanta dukkan tsarin gadonta. Matsalarta ita ce rowa: in an bar ta yadda take, abin da take tarawa ba ya wuce kashi 15 cikin ɗari na nauyinta in an busar. Sai a 2020 masu bincike a Jami'ar Tubingen ta Jamus suka yi mata gyara a tsarin gado har ta kai kashi 63, da suka ƙara mata wani ɗan abinci kuma ta kai kashi 81. A Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka ma, ɗakin binciken Arpita Bose ya nuna cewa wasu bakteriya masu launin shunayya, su ma masu amfani da haske, suna iya yin wannan aiki da iskar kabon.

Abin da ya fi burge ni ma shi ne, dangin waɗannan halittu ba baƙi ba ne a yankinmu. Matan Kanembu na ƙasar Chadi sun daɗe suna kwasar wani tsanwan abu daga tafkunan kanwa da ke gabashin Tafkin Chadi, su shanya a kan yashi ya bushe, su kakkarya su kai kasuwa a yi miya da shi. Dihe suke kiransa. Wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Leonard, ya ci karo da shi a kasuwa a 1964, aka duba aka ga ai sifirulina ce, wadda yanzu ake sayarwa da tsada a kantunan magani na Turai. Sifirulina kuwa sayanobakteriya ce. Wato tun kafin a gina ɗakin gwaji a Tubingen ake girbin wannan halitta a maƙwabtanmu.

To ina gizo ke saƙar? A wajen kuɗi, kamar kullum.

Ni ɗan kasuwa ne, kafin in tambayi kyan kaya sai na tambayi nawa zai iso shago. An sha gwada sayar da wannan roba, kuma ba ta hanyar hasken rana mai wuya ba, ta hanya mai sauƙi, wato a ɗura wa bakteriya sukari ko man girki a cikin manyan tankuna. Kamfanin ICI na Ingila ya fito da ita da sunan Biopol a shekarun 1980, har aka yi kwalbar sabulun wanke gashi da ita a Jamus a 1990. Sana'ar ta koma hannun Monsanto, shi ma ya ajiye a 1998. Kamfanonin Metabolix da ADM suka gina katafariyar masana'anta a jihar Iowa mai iya fitar da tan 50,000 a shekara, aka fara aiki a 2010, a farkon 2012 ADM ya janye jikinsa. Ko a watan Maris na 2025 wani babban mai yin irin wannan roba a Amurka, Danimer Scientific, ya shiga kotu ya ce ya karye. Akwai waɗanda ke ci gaba, irin su Kaneka na Japan, amma a cikin robar da duniya ke ƙerawa, fiye da tan miliyan 400 a shekara, duk wadda ake yi daga tsirrai da ƙananan halittu ba ta kai kashi 1 cikin ɗari ba. Dalili ɗaya ne: ta fetur ta fi araha nesa ba kusa ba.

Hanyar hasken rana an ɗauko ta ne don a huta da sayen sukari, tun da rana da iska kyauta ne. Sai dai ita ma da nata ciwon kan. Dole haske ya ratsa ruwan ya iske kowace ƙwaya, don haka ba za a bari ruwan ya yi kauri ba. A tankin sukari ana iya samun fiye da giram 100 na ƙwayoyi a lita ɗaya. A buɗaɗɗen kududdufi kuwa abin da aka saba samu wajen rabin giram ne. Mu yi lissafin 'yan tebur. Durom mai cin lita 200 zai ba ka kamar giram 100 na busassun ƙwayoyi. In irin mai rowar ce, giram 15 na roba ke nan. In ta Jamus ce mai gyara, kuma ta yarda ta yi a waje abin da ta yi a cikin kwalbar gwaji, ka ce giram 60. A durom guda fa, bayan makonni ana jira, sannan a biya kuɗin tacewa da busarwa da fasa ƙwayoyin. Wanda ya san nawa 'yan garuwa ke sayar da jarka a garin nan a watan Maris, ya san ruwa ma ba kyauta ba ne.

Akwai kuma wani abu da ake yawan tsallakewa. Kilo ɗaya na PHB yana riƙe da kabon na kusan kilo 2 na iskar, gaskiya ne. Amma ranar da ya ruɓe iskar za ta koma inda ta fito. Rance ne aka karɓa aka mayar. Ya fi a tono sabo daga ƙarƙashin ƙasa, amma masu cewa leda za ta gyara mana ɗumamar yanayi sun cika baki.

Duk wannan ban kawo shi don in kashe wa ɗan ƙanwata gwiwa ba. Ina so a yi binciken, kuma ina so a yi shi a nan. An kafa jami'ar nan tun 1983, tana da Bosso tana da Gidan Kwano. Rana kuwa Allah Ya hore mana har ta yi yawa. Irin da aka ɗebo daga Kalifoniya ta fi jin daɗin zafin digiri 30, mu kuwa a bazara muna dosar 40. Hankali ya ba ni cewa wadda za ta jure zafinmu tana nan a kududdufanmu da tafkunan kanwa na arewa maso gabas, ba sai an aiko mana da ita a jirgi ba. In ɗalibanmu ba su tace ruwan Tagwai da Shiroro da Kainji sun ga abin da ke ciki ba, wata rana wani zai zo ya ɗiba a kwalba ya tafi, ya dawo ya sayar mana da dala. Sharaɗi ɗaya: a yi kiwon a killace, nesa da ruwan sha. Wasu daga cikin dangin nan suna fitar da guba mai lalata hanta. A 1996 a garin Caruaru na Brazil ta kashe masu wankin ƙoda fiye da 50, a 2014 kuma mutanen Toledo a Amurka wajen 400,000 suka yi kwana uku an hana su shan ruwan famfo saboda ita. Dam ɗin Tagwai shi ne randar garin nan tun 1978, ba wurin gwaji ba ne.

Yanzu in dawo kan abin da ya fi damuna, wato mu.

Tun da na fara ba da labarin nan a majalisa na lura da wani abu. Da zarar mutum ya ji "ana nan ana ƙera leda mai ruɓewa", sai ka ga ya saki jiki, kamar an sauke masa kaya. Wani abokin zamanmu har cewa ya yi, "To Alhaji ai shi ke nan, Turawan da suka kawo cutar su za su kawo maganin." Wannan magana ce ta hana ni barci. Ko da gobe aka wayi gari duk ledar Kasuwar Kure ta zama mai ruɓewa, ruɓewar watanni take ɗauka, wani lokaci fiye, gwargwadon kauri da danshi da zafi. Ruwan Agusta kuwa a dare ɗaya yake cika kwalbati. Tunkiyar da ta ga ledar ƙosai da maiƙo a jiki ba za ta jira ta ruɓe ba.

Sannan kafin ta gaskiyar ta iso, ta jabu za ta riga ta. Akwai leda ta fetur da ake barbaɗa wa wani sinadari don ta yi saurin farfashewa, a buga mata hoton ganye a ce mai ruɓewa ce. Ba ruɓewa take ba, komawa take gari-gari ta shige ƙasa da ruwa. Tarayyar Turai ta haramta irinta tun 2021, kuma mun san inda kayan da aka kora daga can suke nufa. Akwai wata kuma, PLA, da ake yi daga masara, wadda ba ta ruɓewa yadda ya kamata sai a masana'antar taki mai zafin wajen digiri 60. A Jami'ar Plymouth ta Ingila an binne ledojin da aka rubuta musu "mai ruɓewa" har shekara uku, da aka tono a binciken da aka wallafa a 2019, wasu sun ɗauki kayan cefane ba su yage ba. Wa zai fara sayo irin wannan a sari ya rarraba wa jama'a? Mu ne.

Don mu faɗa wa kanmu gaskiya, ledar da ke yawo a garin nan ta hannun wa take fita? Mai shayi, mai tsire, mai kayan miya, mai kanti, mai rake, mai ƙosai, mai fura, mai goro. Ka ƙirga ka ga su wane ne mafi yawa a waɗannan sana'o'i daga Kasuwar Gwari zuwa Tunga, daga Kpakungu zuwa Maitumbi. Ba mu kaɗai ba ne, amma muna sahun gaba. Mutum ya sayi ashana kwali ɗaya a sa masa a leda. Ya sayi tumatir da attaruhu da albasa, kowanne da ledarsa, sannan a haɗa su a babba. In mai kanti bai bayar ba a ce marowaci ne. Ni kaina na shekara da shekaru ina yi a shagona, ban taɓa tunanin ina za ta kwana ba sai da na gan ta a tumbin tunkiyar gidana.

An ce baƙo raɓa ne. To mu raɓarmu ta haura shekara ɗari ba ta bushe ba. Kakannin wasunmu sun biyo aikin layin dogo na Baro zuwa Kano da aka gama a 1911, suka tarar da Gbagyi, waɗanda muke kira Gwari, suka ba su wurin zama. Wasu sun zo bayan an ƙirƙiri jihar Neja a 1976. Dam ɗin nan ma da nake zaune a gefensa, hukumar WRECA ta jihar Kano ce ta gina shi. Mun yi gidaje, mun binne iyaye a nan, 'ya'yanmu ba su san wani gari ba. Amma duk da haka, ranar da kwata ta cushe ruwa ya shiga ɗakunan mutane, ba za a ce "ledar jama'a" ba, za a nuna unguwar da ta fi cunkoso a kira sunan ƙabila. Wanda ya zauna a garin da ba na kakansa ba ya san yadda ƙaramin abu ke zama tambari. Na sha jin ana jingina mana ƙazanta a cikin raha, ina dariya a fuska amma abin yana ci na, don wani ɓangaren ba ƙarya ba ne.

Ruwa kuma ba ya raha. Manyan magudanan kankare da suka ratsa Minna, Julius Berger ya gina su ne bayan ambaliyar 1986. Duk wanda ya leƙa cikinsu a ƙarshen rani ya san abin da muka mayar da su. A ranar 29 ga Mayun 2025 ruwa ya afka wa Mokwa, a cikin jihar nan, ya kashe fiye da mutum 150, kuma unguwannin da abin ya fi shafa su ne Tiffin Maza da Unguwar Hausawa. Ban ce leda ce ta jawo na Mokwa ba, dalilansa daban ne. Abin da nake nunawa shi ne, a garuruwa da yawa mu ne ke zaune a gangare, kusa da kasuwa da tasha da hanyar ruwa. In ruwa ya rasa hanya, ƙofarmu yake fara ƙwanƙwasawa.

Wasu za su ce aikin gwamnati ne. Haka ne, tana da nata kason, kuma babba. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya a 2017. Jamhuriyar Nijar ta yi tata dokar a 2014, amma wanda ya je Maraɗi bayan nan ya ga ledoji a kan ƙaya kamar tutoci, don doka a takarda ba ta shara. A nan gida Majalisar Wakilai ta amince da ƙudirin hana leda a 2019 bai zama doka ba. Legas ta hana robar zuba abinci mai kumfa a Janairun 2024, ta faɗaɗa hanin daga 1 ga Yulin 2025. Abin da ya faro daga Legas yakan hauro arewa ko ba jima ko ba daɗe. Ni dai na fi son ranar da dokar za ta iso Minna ta tarar mun riga mun rage da kanmu, da a ce ta zo da 'yan kama-kama su fara da teburin mai shayi, don mun san a kan wa ake fara gwada sabuwar doka.

Kuma ba wani abin a zo a gani ake nema ba. Kayan da ke ruɓewa muna da su tun kafin a haifi Lemoigne. Huhun goro da ganyen fita ake ɗaure shi ya taso daga kurmi har Sakkwato bai bushe ba. Tsire a takarda muka san shi. Alale a ganye ya fi na leda daɗi, kowa ya sani. Matan Gbagyi har gobe da ƙwarya a kafaɗa suke shigo da doya kasuwa. Ban ce mu koma zamanin da ba, don fiya wata ba za ta shiga ganye ba, kuma muddin famfo bai wadata ba mutane za su ci gaba da shan ta. Amma ita ledar fiya wata ana sake narka ta, in an tara ta wuri ɗaya a bushe akwai masu saye a kilo. 'Yan jari bola namu ne, yarenmu ɗaya, za mu iya zama da su. Baƙar ledar nan mai shara-shara ita ce ba ta da mai so, ita ce kuma mafi sauƙin ragewa. Sarkin Hausawa da shugabannin 'yan kasuwa da limaman unguwa suna iya tara mu a kan rikicin fili da kuɗin haraji. Ban ga abin da zai hana su tara mu a kan a daina ba da leda ga abin da hannu zai iya ɗauka ba, da kuma gayyar yashe kwata sau ɗaya a watan Afrilu kafin ruwa ya sauka.

A shagona na fara tun watan jiya. Wanda ya sayi abu ɗaya ko biyu ba na miƙa leda sai ya tambaya, in ya tambaya kuma ina ba shi ba tare da wa'azi ba. Mutum biyu sun yi fushi, wata tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, tsadar har ta kai kan leda?" Na ce, "A'a Iya, tunkiya ce ta mutu." Bandir ɗin da ke ƙare mini a mako yanzu yana kai ni kwana goma sha. Yaran gidana da kwano suke zuwa sayen ƙosai, mai ƙosan ma har ta fara yi musu gyara don ta huta da sayen leda.

Ɗan ƙanwata kuwa ya dawo ranar Asabar da wasu kwalabe guda shida, ya ce malaminsa ya yarda ya ɗebi ruwan kududdufan da ke bayan dam ya duba abin da ke ciki don aikinsa na shekarar ƙarshe. Ni na riƙe masa jakar, kuma ni na biya kuɗin acaɓa.